Turmin Talatu ya koma dakan gero

Jiya na kai markaɗen tattasai kasuwar Gwaram, ashe mai injin Talatu ce, tsohuwar maƙwabciyata a Basirka.

Lokacin da mijinta ke dukanta, mun yi da ita cewa in ta ga ya shigo a fusace, ta buga taɓarya a turmi babu komai ciki. Da mun ji, sai mu matan layin mu yi sallama mu cika tsakar gidan.

Na ce, "Talatu, ina turmin nan?"

Ta yi dariya. "Yaya, tun da alƙali ya raba mu, gero kaɗai yake gani. Injin nan ma nawa ne."

Ku fa, wace ƙawa ce ta taɓa jin bugun turminku ta taho?