Ƙwan da Ke Kan Rufin Zuleide

Shekara arba'in da ɗaya katanga ɗaya ce tsakanina da Dona Zuleide, katangar kuwa ba ta wuce ƙirjina ba. Saboda haka ba abin da aka dafa a gidanta ban ji ƙanshinsa ba, ba kuma faɗan da aka yi ban san mai gaskiya ba. Ni na riƙe 'yarta Rosângela ranar baftisma, tun daga ranar muke ce wa juna comadre. Unguwarmu tana bakin mashigar da jirage ke bi su fita teku daga tashar Santos. In babba zai wuce, har kofuna sukan yi rawa a kan kanta.

Daga jihar Sergipe, can arewa, ta zo tana 'yar shekara sha tara, da jaka ɗaya da basilla. Aikinta ɗinke buhunan kofi da suka yage a rumbunan tasha, har yatsunta suka yi kanta. A can ta haɗu da Seu Aldemir, mai ɗaure jirgi. Shi ke cafke igiya ya zarga a turken ƙarfe in jirgi ya iso, shi ke kwance ta in zai tashi. Shekara talatin yana sallamar jirage, bai taɓa kwana a cikin ko ɗaya ba. Ranar aurensu ya rantse a gaban dangi cewa wata rana wani ne zai kwance musu igiya, su suna sama.

Zuleide ta riƙe maganar nan gam. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da fararen jiragen shaƙatawa ke zuwa, da ta ji ƙahon jirgi sai ta saki duk abin da ke hannunta, ta fizgi farin tawul, ta fita tana ɗaga wa mutanen da ba ta sani ba. Waken da ta ƙona saboda jirage zai ciyar da unguwa guda. Ni har tsiya nake mata.

"Comadre, waɗannan mutanen sun san da ke ma? Masu ƙoshi ne fa, kallon ki suke kamar kayan tarihi."

"To su kalla mana. Ni ba abincinsu nake kwaɗayi ba, ba rawarsu ba. Shekara nawa baƙi suna kallon gidana daga can, ni mai gidan ban san yadda yake ba. So nake in ga abin da suke gani, sau ɗaya kawai."

Iyakar burinta ke nan a duniya, ta ga gidanta daga kan ruwa. Aldemir kuwa kalma ɗaya ce a bakinsa: baɗi. Bana rufi na yoyo, sai baɗi. Bana yarinya za ta shiga makaranta, sai baɗi. Bana baya na ciwo. Ba maƙaryaci ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Irin mazan nan ne da suke tsammanin lokaci jirgi ne, ba ya tashi sai sun kwance masa igiya.

Sai ciwon sukari ya shiga idonta. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya fuskoki suka fara gauraya. A watan Yuni likita ya gaya musu gaskiya, hasken da ya rage ba mai daɗewa ba ne. A lokacin in rana ta take sosai tana iya rarrabe launi da girman abu, in kuwa gari ya lumshe, shi ke nan. Ranar da suka dawo daga asibiti na ga Aldemir zaune a bakin ƙofa, hularsa a gwiwa, ya tsufa lokaci guda. Ya kira Rosângela a São Paulo, ta nema musu tafiyar kwana uku a jirgin shaƙatawa. Ba a sami wuri ba sai a Fabrairu.

Wata takwas ɗin nan a kan tsani ya yi su. Ya kankare bango, ya shafa wa gidan fenti rawaya, irin mai kashe ido ɗin nan, har shafe uku. Maza suna wucewa suna masa dariya.

"Seu Aldemir, kantin ayaba za a buɗe ne?"

"Ku yi ta surutu. Ko daga Afirka tsohuwata ta tsaya sai ta hango shi."

Saura kwana bakwai tafiya, ranar Asabar, muna zaune a falonsu sai yarinyar da ke faɗin hasashen yanayi a talabijin ta fito da taswirarta. Ta shafa hannu a kan gaɓarmu tana murmushi, wai ruwa zai sauka daga gobe, ba ɗagawa har ƙarshen mako mai zuwa, Asabar ɗin tafiyar ma ta fi kowace rana nauyi. Aldemir ya miƙe tsaye kamar zai shiga akwatin.

"Ƙarya take! Wannan yarinyar me ta sani game da sama? Ko jiƙewa ba ta taɓa yi ba."

"Zauna, tsoho," in ji Zuleide. "Ba ita ta aiko shi ba."

Kowa a nan ya san abin yi in ana neman rana: ka ɗora wa waliyiya Santa Clara ɗanyen ƙwai a kan katanga ko rufi, ka bar mata shi, ita kuma ta share maka sama. Mata sukan yi haka kafin biki ko ranar babban wanki. Aldemir ya shekara arba'in yana mana ba'a a kai, yana cewa waliyiya ce ko mai sayar da wainar ƙwai. Washegari da safe sai ga shi cikin yayyafi, ƙwai a tafin hannu, yana lallaɓa shi a kan katangarmu, bakinsa na motsi. Na buɗe baki zan rama tsiyar shekara arba'in, da na ga fuskarsa sai na haɗiye.

Kafin wata safiyar ƙwan ya ɓace. Ya ɗora wani, shi ma ya ɓace. Ruwa kuwa sai ƙaruwa yake, yarinyar talabijin tana nan a kan bakanta. Ya ce gafiya ce, ya ɗana tarko. Da tarko bai kama komai ba sai ya juyo kan kyanwata.

"Dona Neuza, ki ɗaure ɓarauniyar nan taki, ko in jefa ta a ruwa!"

"Ka taɓa ta ka gani! Kyanwar da ko haƙori ba ta da shi? Ka je ka tambayi waliyiyar, wataƙila ita ke soyewa, tunda kai ka ce sana'arta ce."

Da ma ban faɗa ba. Ya juya ya shige, ni kuma na yini ina jin haushin bakina.

Ranar Alhamis na tashi da sassafe zan dafa kofi. Aldemir ya fita sayen burodi. Ta taga na hango Zuleide ta fito ba lema, ta dafa katanga, tana bin ta da hannu a hankali, taku ɗaya, taku biyu, har yatsunta suka taɓa ƙwan. Ta ɗauke ta sa a aljihun riga. Na fito na tsaya daidai gabanta, tsakaninmu bai kai kamu uku ba, sanye da jar rigata. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Comadre," na ce.

Ta zabura, ta juya fuskarta wajen da ba ni ba. Nan na gane ba ta ganin komai.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Kirsimeti," in ji ta. "Na tashi wata safiya ina jiran gari ya waye, har yau bai waye ba. Cikin gida na san kowane lungu, shi ya sa bai lura ba. Kada ki gaya masa, don girman Allah."

"To ƙwan fa? Me ya yi miki?"

"Ke ma kin sani. In rana ta fito zai nuna mini, ya ce tsohuwa ga shi can, kin gani? Ƙaryata ba za ta ɗaure ba, mutumin nan ya san fuskata. Zai gane cewa ya makara, kuma baɗinsa ne ya cinye mini ido. Ba zai iya ɗauka ba, Neuza, zuciyarsa ba ta da ƙwari. Amma in ruwa ake yi, ba wanda zai ga komai. Sai ya zagi ruwa, ya zagi yarinyar talabijin, mu dawo gida lafiya."

Na tsaya ruwa na dukana ina kuka kamar yarinya, ita ce ma take lallashina. Gari duk yana roƙa mata rana, ita kaɗai tana roƙon hadari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na yi mata alkawarin zan kama bakina.

Ranar Juma'a Aldemir ya gaji da ɓarawon da bai gani ba. Ya jingina tsani, ya hau da bayan nan nasa mai ciwo, ya kafa ƙwai a can ƙololuwar rufi, ya tokare shi da duwatsu biyu. Ya sauko yana haki ya ce to, gafiyar da ta isa ta hau.

Asabar ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙarfe goma motar da za ta kai su tasha ta iso. Zuleide ta sa koriyar rigar da ta ɗinka wa ranar tun idonta na gani, tawul ɗinta a kafaɗa. Da ta rungume ni sai ta raɗa mini a kunne:

"Tsanin yana nan a jingine. Ki sauke mini ƙwan, comadre."

Na ce to. Bayan sun tafi na je na tsaya a gindin tsanin, na ɗora ƙafa a matakin farko. Na sha gaya wa kaina cewa gwiwa ce ta hana ni, amma ba gwiwa ba ce. Tsoro na ji in ɗauke wa waliyiya abin da aka ba ta, na kuma tuna yadda bakin tsohon nan ke motsi a kan katanga. Na dubi sama, baƙi ƙirin, na ce ai wannan ruwan ko kaza guda aka ɗora ba zai tsaya ba. Na koma ɗaki.

Ƙarfe biyar jirgin zai wuce. Tun huɗu da rabi unguwa ta fito bakin ruwa da lema da zannuwan gado na kaɗa wa jirgi, don kowa ya san yau namu ne a sama. Na ɗauko madubin hangen nesa na marigayi mijina. Muna tsaye sai ruwan ya fara sassautawa, ya koma yayyafi, ya ɗauke ɗif. Daga yamma gajimare ya tsage, rana ta faɗo a kan gidan Zuleide, rawayan nan ya kama kamar an kunna shi. Mutane suka ɗau ihu, mata suna kiran sunan Santa Clara, wani har da rawa. Ni kaɗai ce ban yi murna ba.

Jirgin ya busa ƙaho, ya taho a hankali, tsayinsa ya fi cocinmu. Na bi barandunsa da madubi har na sami koriyar riga. Aldemir yana gefenta, ba hula, yana tsalle kamar yaro, yana nuna gidan da hannu biyu, bakinsa a buɗe. Zuleide tana murmushi, tana kaɗa tawul da iyakar ƙarfinta. Sai dai ba mu take fuskanta ba. Ta karkata can gaba, wajen da babu komai sai duwatsu da ruwa.

Na ga lokacin da ya waiwayo ya dube ta. Ya ƙara nunawa, ya faɗi wani abu. Ta gyaɗa kai da sauri, ta ci gaba da ɗaga wa duwatsu hannu. Hannunsa ya sauka a hankali. Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya koma bayanta, ya kama kafaɗunta biyu, ya juyo da ita har ta fuskanci gidanta, ya riƙe ta a haka har jirgin ya sha kwana.

Ranar Talata suka dawo. Aldemir ya gaishe ni a ladabce, ya ɗauke tsanin ya ajiye shi a bayan gidansu. Tun daga nan ban sake jin kalmar baɗi a bakinsa ba, ban kuma sake jin dariyarsa ba. Da la'asar Zuleide ta lallaɓo ta dafa katanga. Na zo da jawabina a shirye, ina jiran ta tambaye ni maganar ƙwan. Ba ta tambaya ba, har ta koma ga Allah bayan shekara biyu ba ta taɓa tambaya ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ni ce na kasa haƙuri na ce, "To ya ya ce gidan yake daga can?"

Ta shafa katangar.

"Da ya juyo da ni na ce, to tsoho, tunda ka sani, ara mini naka idon, faɗa mini yadda yake. Na yi ta jira. Sai da muka fita teku ya iya magana. Ya ce in yafe masa, shi ma daga nan bai ƙara ganin komai ba, hawaye ne ya rufe masa ido har muka wuce."