Kunkurun da Radiyya Ta Bar wa Abbanta

Ku matso ku gyara zama, mai shayi a hannu ya kurɓa a hankali. Labarin wani bawan Allah zan ba ku, wanda 'yan unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou ke kira Shitu Mai Kwali.

Idan ka taɓa sayen kaya a birnin nan ka aika Kano, wataƙila hannunsa ya taɓa kwalinka ba ka sani ba. Aikinsa ke nan, ɗaure kaya a wani shagon kago, wato na aika kaya ƙasashen waje, da ke hawa na huɗu. Ɗan Fagge ne, ɗan tela. Ya fara dako a Kantin Kwari yana shekara sha shida, har wani alhaji ya lura cewa inda wasu ke cusa turmin atamfa bakwai a buhu shi goma yake cusawa, sai ya taho da shi Sin. Daga baya alhajin ya daina zuwa, Shitu ya zauna. Shekara goma sha uku ke nan. Zai ɗaga kwali ya ce kilo talatin da biyu, a ɗora a sikeli a tarar haka ne. Bai yi kuɗi ba, bai kuma kwana da yunwa ba. Mutum ne marar yawan magana. Ƙarar salatif ta fi muryarsa fitowa daga shagon.

Ya yi aure a gida, ya kawo matarsa Saudat, aka haifa musu 'ya ɗaya a nan, Radiyya. Tana shekara biyar, wata Lahadi suka je Fangcun, inda ake sayar da furanni da kifayen ado, yarinyar ta tsaya a kan wani baho ta ƙi motsi. A ciki akwai 'yan kunkurun ruwa, abin da tsofaffi ke kira kififiya, kowanne bai fi murfin kwalba ba, da jan zane a gefen ido. Ta zaɓi wanda ya hau kan 'yan'uwansa ya miƙe wuya. Ta ce sunansa Lawban, don haka take jin ana kiran masu shago, kuma shi ma yana kallon mutane kamar su suka zo ciniki wurinsa.

Shekara biyu bayan haka takardun zaman Saudat da 'yarta suka ƙi sabuntuwa, ga kuma batun makaranta. Suka koma Kano. Shitu, wanda ya aika janareto da keken ɗinki da kujerun aski gida, bai samu hanyar aika kunkuru mai rai ba. A filin jirgi na Baiyun Radiyya ba ta yi kuka don uba ba. Ta riƙe masa hannun riga ta ce, "Abba, ka riƙe min Lawban. Kada ka bari ya manta ni."

To, daga nan aka kafa wata al'ada. Kowace Juma'a Radiyya na tasowa daga makaranta da sha biyun rana, a nan ƙarfe bakwai na yamma ke nan. Sai Saudat ta kira ta bidiyo. Ku sani, Shitu bai iya hira da yaro ba. Idan ya ce ya makaranta, ta ce lafiya, magana ta ƙare. Amma da zarar ya juya waya zuwa robar Lawban, sai bakin yarinya ya buɗe. Ya ci abinci? Ya ƙara girma? Ɗora shi a tafin hannunka in gani. Daga nan sai ta zarce da labarin malamarsu, da haƙorinta da ya fita, da wadda ta ɗauke mata fensir. Ga kunkuru take faɗa, uban yana saurare. Shekara biyu suna haka, kuma Shitu ya sani sarai, rabin awar nan ita ce duk abin da ya rage masa na zama uba.

Sanyin Guangzhou ba ya daɗewa, amma mai laima ne, yana shiga bango ya shiga bargo, gidajen kuma ba a ɗumama su. Lokacin da Saudat ke nan, ita ce ke ajiye robar kunkurun a lungu idan sanyi ya shigo, ta bar shi ya yi lamo ba ci ba motsi har gari ya sake. Haka halittarsa take. Shekarar farko bayan tafiyarsu sanyin bai yi ƙarfi ba. A ta biyu kuwa, cikin Janairu, Shitu ya tashi da asuba ya sa yatsa a ruwan Lawban ya ji kamar ƙanƙara. Kunkurun ya shige ƙoƙonsa, abincin jiya na yawo a saman ruwa.

Me mutumin Kano ke yi wa ɗan da zai yi wanka da sanyi? Sirka masa ruwa ake yi. Haka uwarsa ta yi masa, haka shi ma ya yi wa Radiyya. Sai ya ɗora buta, ya zuba ruwan zafi a hankali daga gefe, yana gwadawa da bayan hannu har ya yi ɗumin wankan jariri. Lawban ya fito da kai, ya yi iyo, ya ci abinci. Shitu ya tafi aiki zuciyarsa fes. Da yamma ya tarar ruwan ya koma sanyi, ya sake sirkawa. Safe da yamma, kwana goma sha biyu, bai fasa ko sau ɗaya ba.

A rana ta goma sha uku Lawban ya fara iyo a karkace, ɓangare ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya kasa nutsewa. Yana buɗe baki kamar mai hamma, kumfa na fita ta hancinsa. Ranar kuwa Juma'a ce.

Ƙarfe bakwai waya ta yi ƙara. Shitu ya zauna a bakin katifa yana kallonta har ta katse. Ta sake yi, ta sake katsewa. Ya rubuta wa Saudat cewa aiki ya riƙe shi a sito.

Akwai abokin aikinsa, Souleymane, mutumin Damagaram, wanda ba ya wuce Bakano bai tsokane shi ba. Washegari ya ga Shitu ya manna salatif a kwali ɗaya har sau uku.

"Bakano, yau kuma kwalin ne zai gudu? Ko an ce maka farashin goro ya tashi?"

"Kunkurun yarinyar nan ne ba shi da lafiya. Sanyi."

"A'a! Kunkuru? Mu a Damagaram yara ke jifansa a tafki, ku Kanawa kun ba shi ɗaki da katifa. To ai da sauƙi, ina da hita a gida, irin ta bokiti. Minti biyar."

Da ya ga Shitu bai rama ba, sai ya ajiye wasan. Ya ce, "Malam Shitu, gobe Lahadi. Mu je inda ka saye shi."

Suka ɗauki jirgin ƙarƙashin ƙasa, Lawban na cikin kwali da tsumma mai laima. Souleymane bai bar hitarsa a gida ba. A wani shagon kayan kifi suka samu wata dattijuwa 'yar Sin mai tabarau. Souleymane ya zaro hitar, irin murɗaɗɗen ƙarfen nan da muke tafasa ruwan wanka da shi, ya ce wa mai shagon, "Lawban, irin wannan, ƙarama." Matar ta dubi ƙarfen, ta dubi kunkurun, ta kaɗa hannu da ƙarfi tana cewa meyo, meyo, wato babu. Ta yi magana a wayarta, wayar ta fassara: "Miya kuke so ku yi da shi?"

Souleymane ya tuntsire da dariya. Shitu bai yi ba.

Ta sa Lawban a ruwa ta ga yadda ya karkace, fuskarta ta canja. Ta tambayi yadda ake kula da shi. Shitu ya ba da labarin butarsa, safe da yamma, har da ɗan alfahari, don yana so ta san bai yi sakaci ba. Ta cire tabarau ta daɗe tana magana a wayar. Abin da ya fito shi ne, wannan dabba ba ta da ɗumin jikin kanta, zafin ruwa shi ne zafinta. Sanyi mai ɗorewa tana iya jurewa, ta yi barci. Ɗumi mai ɗorewa ma tana so. Abin da ba ta iyawa shi ne ɗumi da safe, sanyi da rana, ɗumi da yamma, sanyi kafin asuba. Shi ke kama mata huhu.

Shitu ya karanta sau biyu. Ya ce a hankali, "Da na ƙyale shi ke nan, da yana lafiya."



Matar ta shiga jero masa kaya. Ta tambayi ruwan robar lita nawa ne. Shitu ya rufe ido ya ce talatin, shi da ke auna kaya da hannu. Ta ce to hita mai wat hamsin ta isa, babba za ta yi wa ɗan ruwan nan yawa idan ta lalace. Ta ɗauko wata sanda mai lambobi a ka, wadda ke kashe kanta idan ruwa ya kai zafin da aka sa mata. Shitu ya miƙa hannu ga ta gilashi zalla mai araha, ta buge masa hannu. Kifi ba ya fasa gilashi, kunkuru yana fasawa, yana kuma kwanciya a kai ya ƙone. Sai mai rigar roba. Ta haɗa masa da ɗan ma'aunin zafi, ta ce kada ya yarda da lambar jikin hita ita kaɗai. Sannan ta rubuta masa adireshin likitan dabbobi, ta ce hita ba magani ba ce.

Likita ya yi wa Lawban allura a ƙafar gaba, ya ce a riƙa dawo da shi, ya kuma ce bai yi alkawari ba.

Ban taɓa ganin an bi umarni kamar yadda Shitu ya bi na matar nan ba. Ya kwantar da sandar a ƙasan roba saboda ruwan ba zurfi, ya tabbata ta nutse gaba ɗaya, don idan ta yi zafi a waje fashewa take. Ya bar ta minti ashirin kafin ya jona. Ya manna ma'auni a ɗaya ƙarshen, nesa da ita. Ya ɗaga soket daga ƙasa ya ɗaure a ƙafar tebur da salatif, ya bar wayar wutar ta sauko ƙasa sannan ta hau, yadda ɗigon ruwa ba zai bi ta ya shiga soket ba. Ba ya sa hannu a ruwa sai ya zare filogi. Zafin ma bai ɗaga shi rana ɗaya ba, digiri biyu yau, biyu gobe, har ya kai ashirin da takwas ya tsaya. Idan zai canja ruwa, sai ya auna sabon ya yi daidai da tsohon.

Amma Lawban na nan a karkace. Juma'a ta biyu ta zo, Shitu ya ce netwok. Ta uku ya ce kwantena ake lodi. Saudat ta kira shi ranar Asabar, murya kawai.

"Abban Radiyya, lafiya kuwa? Yarinyar nan jiya da yunifom ta zauna riƙe da waya har la'asar."

"Lafiya lau. Aiki ne."

"To Allah Ya taimaka. Amma ka san halin yaro."

Ya buɗe baki zai faɗa, ya tuna hannun rigarsa a Baiyun, ya ce a gaida mutanen gida. A Juma'a ta huɗu waya ta yi ƙara sau ɗaya tak. A ta biyar ba ta yi ba.

Cikin mako na shida Lawban ya nutse. Ya sauka ƙasan roba ya taka, ya ɗago ya kama abinci. Bai miƙe sosai ba, har yau yana ɗan jirkicewa hagu, amma ya rayu. Souleymane ya ce a yi walima, Bakano ya zama likitan kunkuru. Ranar Juma'a Shitu ya baro shago da wuri, ya goge robar, ya sa rigar da Radiyya ta sani. Ƙarfe bakwai shi ya kira.

Saudat ta ɗauka. Ta ƙwala kira sau uku kafin yarinyar ta zo, da hijabin Islamiyya a hannu, wasu yara na kiranta daga zaure.

"Abba ina wuni."

"Lafiya lau, uwata. Duba wa ke gaishe ki."

Ya juya wayar. Lawban ya miƙe wuya kamar yadda ya saba, ƙaramar fitilar hita na ci a bayansa. Radiyya ta duba.

"Au, yana nan ashe." Ta waiga. "Umma, su Sa'adiya za su tafi su bar ni. Abba sai anjima."

Saudat ta karɓi wayar ta ce an canja musu lokacin hadda ne, yanzu Juma'a ma suna zuwa, yarinyar da kanta ta roƙa a sa ta tun da ta ga ba a ɗaukar wayar. Ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ce ya ci.

Sanyi ya wuce tuni, an shiga ruwan bazara. Shitu na nan a hawa na huɗu yana ɗaure kayan mutane. Ana gaisawa da gida, ya makaranta, lafiya, magana ta ƙare. Sau biyu ya gwada juya wayar, yarinyar ta yi murmushin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Hitar kuwa bai cire ta ba, ko da yake yanzu ba ta ma kunna kanta. Kowace safiya kafin ya fita sai ya tsuguna ya karanta ma'auni. Likitan ya gaya masa irin wannan kunkuru yana kai shekara talatin idan ya samu kula.

Ni dai na kasa yanke hukunci, shi ya sa na kawo muku. Ranar Juma'ar farko, da waya ke ƙara a hannunsa, kunkuru na shawagi a karkace, da ku ne Shitu, za ku ɗauka ku nuna wa yarinyar abin da hannunku ya yi?