Inna, toka da teburin girkina

Na shigo madafa na tarar da Inna tana dirzar teburin yanka nama da toka. Daga Guci ta zo Magaria jinyar ɗana, da gudawa ta kwantar.

Na ce, "Inna, ai yanzu na goge shi da jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta."

Ta ce, "Kaskar shanun babanki ma ta saba da magani har ta daina mutuwa. Ƙwayoyin cutar nan ba za su saba da naki a kan jikana ba."

Na ce likita ya ce in ba a cika masa ruwa ba, jabel na kashe su.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "To, su sha duka biyun."

Sai na miƙo mata sauran tokar. Ku fa, wa ya taɓa kayar da kaka a gardama kan jikanta?