Fasasshiyar Tukunya

Har yau idan na ji ɗigar ruwan na'urar sanyaya ɗaki a cikin gwangwani, sai gabana ya faɗi. Ka yi haƙuri da ni, zan faɗa a hankali.

Ina da shekara goma muna zaune a Mu'aither, wata unguwa a ƙasar Larabawa, a ɗakunan bayan gidan wani Bature. Mahaifina direba ne, yayansa Baffa kuma mai gadi. Baffa ya tara wani ɗan tudun yashi a gindin katanga. Kullum da safe, ko a tsakiyar bazara da iska ke ƙona fuska, sai ya ɗauki ruwan na'urar sanyaya ɗaki da ya tara a gwangwanin madara ya yayyafa wa tudun, bakinsa na motsi. Bai shuka komai a wurin ba.

Baturen ne ya fara kiransa "crackpot". Direbobin unguwa suka ɗauka, ya koma Kirakfot. Baffa yana amsawa.

Wata Juma'a bayan an ci abinci, wani direba ya kira ni.

"Ke 'yar boko, me sunan nan yake nufi?"

Na riga na tambayi malamarmu. Na miƙe kamar mai ba da hadda. Na ce kalma biyu ce, fashewa da tukunya, kuma Turawan zamanin da suna kiran kan mutum tukunya. Wato mai fasasshen kai.

"Ashe!" in ji direban. "Baffa, da ƙwarya ce da mun ɗinke maka. Tukunya kuwa, khalas, shi ke nan."

Aka bushe da dariya. Daɗin yabo ya ɗebe ni, na ruga na tattake tudun da takalmina har ya baje. Baffa ya dube ni kawai.

"Uwata, kin gama?"

Da la'asar mahaifiyata ta zaunar da ni, ta faɗa mini. 'Yar Baffa ta rasu can gida Funtuwa, sa'ata ce. Fasfonsa yana hannun kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, aka binne ta ba ya nan. Ruwan da ake yayyafa wa sabon kabari shi ne bai samu ya zuba ba.

Bai sake tara yashin ba. Ni kuma kunya ta hana ni zuwa gabansa, har ya koma Funtuwa.

Bana ya rasu. Na je unguwar, an shimfiɗa kwalta, motoci a jere, direbobin duk sun watse. Babu sauran wanda ya san abin da na yi sai ni, kuma babu wanda zan roƙa ya yafe mini.