Tsohon da Ke Ɗaga Buhun Yashi

Duk ranar Talata, in Zdravka na jiran layi wurin mai gyaran ƙashin baya a Plovdiv, takan hango wani tsoho a tsakar gidan. Zai kai tamanin, siriri, wuyansa a ɗan karkace. Daga ganin hannayensa ta ce birkila ne a da. Yana durƙusawa a hankali, baya a miƙe, ya rungumi buhun yashi, ya tashi da shi, ya kwantar a benci kamar mai gudun kada ya farka.

Yau ta kasa haƙuri. "Baba, kokawa za ka shiga ne?"

Ya yi dariya. "Ina fa, 'yata! Matata ce ba ta iya tashi, ni nake ɗaga ta. Ranar da bayan nan ya gaza, gidan tsofaffi za a kai ta."

Ya share gumi, ya sake durƙusawa. Sau biyu ana kiran sunan Zdravka, ba ta ji ba.