Hedimastan Da Na Rataye A Gidan Abinci

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ta fara yawa a Zariya, ina da ɗan shagon zane a Sabon Gari, bayan PZ. Ka kawo mini ɗan hoton fasfo, in mayar maka da shi ƙato, har in rage wa mai shi tsufa kyauta. Ni da na tsaya a aji huɗu, ɗaliban zane na Samaru "Farfesa" suke ce mini. Ban taɓa hana su ba.

Tsarina shi ne, in na gama zane sai in soke ɗan hoton a bayan firam, in jingine a bango. Wanda ya daɗe ba a zo ɗauka ba, in ba masu shaguna aro su rataye, jama'a su ga hannuna. Ba na rubuta komai. Matata malamar firamare ce, ta sha cewa, "Maigida, ka nemi littafi." Ni kuwa in buga goshina in ce, "Ga littafi nan, mai kaurin bango ma."

Wata Laraba sai ga wata baiwar Allah daga Samaru. Wata takwas da suka wuce ta kawo hoton marigayi mahaifinta, tsohon hedimasta kuma dattijon coci, sai aka canza mata wurin aiki. Ran Lahadi za a yi addu'ar tunawa da shi.

"Baba, zanen ma da sauƙi," in ji ta. "Ɗan hoton nan shi kaɗai ya rage mana. Kullum sai Mama ta tambaya."

Na buɗe littafin nan mai kaurin bango, na tarar gara ta cinye shafin. Sai na ji bakina na cewa, "'Yata, fentin bai gama bushewa ba, ki dawo jibi." Wata takwas fa! Ta dube ni, ta dubi bango, ta ce to.

Na hau keke. Mai aski a Dogarawa ya ce shi zanen zakara na ba shi. Tela a Zabi ya ce nasa jirgin ƙasa ne, kuma na karɓe tun bara. Ranar haka na koma gida hannu rabbana.

Washegari na leƙa gidan abincin wata Madam 'yar ƙabilar Ibo kusa da tasha, don in sha ruwa kawai. Ina ɗaga kai, ga hedimasta saman tukwanen farfesu, ya turo tabarau yana hararar masu kwalabe.

"Madam, na zo ɗaukar baƙona."

"Wa? Ciyaman? Oga, ba inda za shi! Tunda ka rataye shi ba a ƙara yi mini dambe a nan ba. Ko wanda ya yi tatil, in ya ɗaga kai sai ya gyara zama."

Na sauke firam ɗin, na juya. Ɗan hoton na nan, hayaƙi ya ɗan taɓa gefensa kawai. Da na gaya mata ko wane ne, ta dafe kai, ta goge firam ɗin da bakin zanenta. Sai da na yi alkawarin zana mata soja kafin ta sake ni.

Ran Juma'a 'yar ta karɓi ɗan hoton ta manna a ƙirji. Can ta sunsuni zanen.

"Baba, wane irin fenti ne wannan mai ƙamshin farfesu?"

Na faɗi gaskiya. Ta yi dariya har da hawaye. "Ashe Babanmu bai yi ritaya ba!"

Da yamma matata ta ajiye mini tsohuwar rajistar makaranta, ta ja layuka da rula: lamba, na wa ne, yaushe ya zo, yana ina. Lambar kuma a rubuta ta a bayan zanen. Hedimasta ne lamba ɗaya. Duk Asabar ta zauna ta kira suna kamar a aji, ni in amsa wa kowane zane.

Yau rajista huɗu gare ni, kuma ban sake ɓatar da uban kowa ba. Na gane kai wurin ajiye hula ne, ba amanar mutane ba. In ɗalibai suka tambayi wa ya koya mini wannan tsari, nakan gyara murya in ce tun ina yaro haka nake. Amma sai na waiga tukuna, na tabbatar malama ba ta kusa.