Wadda Ta Fara Buɗe Tashar

A ɗakin jira na wani asibitin kunne da maƙogwaro a Nassarawa GRA nake kallonta. Dattijuwa ce siririya, ta naɗe wuyanta da farin gyale, ƙaramin gicciye na reto a kansa. Waƙar coci na fita a hankali daga wayar da ke kan cinyarta. Da waƙar ta ƙare, wata budurwa ta fara gaida masu sauraro. Leɓen dattijuwar na motsi tare da ita, har tana ɗaga yatsa a inda ya kamata a numfasa.

Wata Hajiya da ke gefenta ta ce, "Baiwar Allah, wace tasha ce wannan?"

"Ta jami'armu ce," in ji ta, muryar a dishe, da ƙyar take fita. "Ni na fara buɗe ta. Ɗaki ɗaya ne a bayan coci, mun manna kiret ɗin ƙwai a bango, ko ƙofar makaranta maganarmu ba ta wucewa. Yau ga shi har Kano ana ji."

Ina jin ta daɗe tana koyarwa a Badawa, maƙwabta ba su san wannan tarihin ba. Ban san abin da likita zai ce game da muryarta ba.

Nas ta leƙo ta kira, "Malama Keziya." Ta miƙe, amma ba ta kashe wayar ba, sai ta miƙa wa Hajiya.

"Riƙe mini, Hajiya, ki ji yaranmu. Sun fi mu iyawa."